Ranar da Inna Ta Ce An Sayar da Ita a Filin Jirgi

Sabangali, Njamena,
Ranar Laraba.

Zuwa ga ƙanwata Lubna, autar Inna,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki Malam Waliyyullahi da duk mutanen gidanku na Abijan. Yaya nauyin jiki? Allah Ya raba lafiya, Ya sauke ki cikin sauƙi, Ya nuna mana abin da kike ɗauke da shi da idanunmu. Mu nan kowa lafiya lau, sai kewarki. Ruwan sama ya fara ja da baya, amma kogin Shari ya cika ya batse har yana leƙo bayan gidan Goggo Indo, samarin unguwa sun jera buhunan yashi suna ta cika baki kamar su za su mayar da shi. Baban Nuriyya yana nan yana fama da shagonsa a Kelemat, ni kuma kullum ina kasuwar Dembe ina kokawa da dilar gwanjo da masu taya riga kamar a bola na tsinto ta. Nuriyya ta wuce aji na gaba, yanzu Faransanci take zuba mana a gida har da gyara wa babanta baki.

Na san kina fushi da ni, kuma ban ga laifinki ba, tun da ruɗewa ta sa ban kira na hana ki fita ba. Makon jiya kin ɗauki tsohon cikinki kin tafi filin jirgi, kin tsaya har fasinja na ƙarshe ya fito, babu Inna babu dalilinta. Da kika kira na ce miki lafiyarta ƙalau, jirgi ne kawai ya tashi ya bar ta, na ji a muryarki ba ki yarda ba, kin ɗauka tana kwance a asibiti muna ɓoye miki. Wallahi Lubna, Inna ta fi ni lafiya. Abin da ya hana ni faɗa miki gaskiyar zance a waya shi ne kunnenta. Kin san idonta ne ya rage gani, amma ko a bayan gida na yi raɗa sai ta tambaye ni da wa nake gulmarta. Ga shi kuma labarin ba ya faɗuwa sai da dariya, ita kuwa har yau ba ta ga abin dariya a ciki ba. Shi ya sa na zauna na rubuta miki. Watanki ya tsaya, haihuwar fari ce, ba ki da uwa ba ki da uwar ɗaki a wannan gari mai nisa, kuma Inna ta yi miki alkawarin ita za ta karɓi jaririn ta yi miki wankan jego. Wannan alkawari shi ne ya hana ni sukuni duk kwanakin nan.

Bari in faro miki daga tushe. Tun ranar da maigidanki ya turo tikiti, Inna ta sa Nuriyya ta nemo mata hoton jirgin kamfanin a waya. Ƙaton jirgi ne mai shuɗiyar wutsiya, da sunansu rangaɗau a jikinsa. Ta kawo wayar dab da hancinta ta ƙare masa kallo, ta ce madalla, wannan ya yi kama da abin da mutum mai mutunci zai shiga. Daga nan duk wanda ya shigo gaishe ta sai ya ga jirgin Inna, har mai tallar kifi ba ta tsira ba. Baban Nuriyya ya yi mata bayanin cewa za a sauka a Duwala a sake jirgi, ta ɗan ɓata rai, amma da ya ce ai duk kamfani ɗaya ne sai ta saki jiki, ta ce in dai motar gida ɗaya ce babu damuwa. Muka haɗa kaya: jar kanwa, gero, kuka, daddawa, kilishi, turaren wuta da humrar da ta haɗa miki da hannunta. Muka kuma yi sa'a Sani, ƙanin baban Nuriyya, zai je Duwala sarin kayan babur a jirgin ranar, aka ce shi zai riƙe ta har can. Kin dai san Sani da iya yi, ya ce mu kwantar da hankalinmu, shi da jirgi kamar shi da kalando ne, wato babur ɗin haya.

Tun a wurin awon kaya ya kamata mu farga. Muka duba ko'ina ba mu ga ma'aikatan kamfanin masu shuɗin kaya ba, sai wasu 'yan mata masu jan ɗankwali a wuya, ga allo a saman kansu yana nuna sunan kamfaninmu, jim kaɗan ya juya ya nuna wani suna daban. Inna ta tambayi Sani su waye waɗannan, shi kuma don kada a ce bai sani ba ya ce mata ai anko suka sake. Aka auna akwati ya wuce, muka yi sallama, na yi ɗan kukana, ta ce in rufe mata baki ba lahira za ta ba. Ni da baban Nuriyya muka koma gindin wata bishiya wajen mai shayi muna jiran mu ga tashinsu. Shiru jirgi bai tashi ba. Muna cikin cewa ko lafiya, sai na hango wata tsohuwa ta fito daga ƙofa tana tafe tana gyara lafaya, jaka a hammata, bayanta wani mutum yana jan akwati fuska a murtuke. Na ce wa baban Nuriyya waccan matar kamar Inna. Ya ajiye kofin shayinsa ya ce ba kama ba ce.

Sauran labarin daga bakin Sani na ji, bayan ya huce. Ya ce an zuba su a bas aka nufi tsakiyar fili, Inna tana ta leƙe ta taga tana neman shuɗiyar wutsiya. Sai bas ya ja birki a gaban wani ɗan farin jirgi mai farfela biyu, tsaninsa taku kaɗan ne, kuma sunan da ke jikinsa ba shi ne na hoton ba. Inna ba ta karatun boko, amma ta haddace surar sunan nan kamar fuskar ɗanta. Tana cikin wannan kallo, wani ma'aikaci da ke gindin tsani yana karɓar jakunkunan hannu yana ɗaura musu 'yar takarda ya miƙo hannu zai karɓi tata. Nan take ta rungume jakar, ta juya ta dubi Sani ta ce masa an sayar da su. Ta koma ta zauna a bakin ƙofar bas ta ce ko sama da ƙasa za su haɗu ba za ta shiga ba. Sani ya yi lallashi da Hausa, ma'aikata suka yi da Larabci, wani mai hula ya sauko daga jirgin ya yi da Faransanci, duk ta ce a kawo mata jirgin da surukinta ya biya. Ashe kuma a dokarsu akwati ba ya tafiya in mai shi bai hau ba, sai da aka buɗe cikin jirgin aka yi ta fito da kayan mutane har aka kai ga nata. Fasinjoji suna ciki zafi yana dafa su, suna harararta ta tagogi, ita kuwa ko a jikinta. Sani ya ce ya sa ƙafa ɗaya a tsani ya tuna zai dawo ya haɗa ido da ni, sai ya sauko. Na gode masa, amma har yau in na gan shi sai na tambaye shi labarin anko.

Ke kin bar gida da wuri, ba ki yi zirga-zirgar mota da Inna kamar ni ba, don haka bari in tuna miki abin da take nufi. A tasha, direba yakan ɗauki mutum da sunan zai kai shi gari kaza, in an yi nisa ya ga fasinja sun ragu sai ya juye su a motar wani ya juya abinsa. Wannan shi ne sayar da fasinja, kuma shi ne ya mai da mu mutanen Njamena. Kakanninmu sun taso daga ƙasar Haɗeja za su Makka a babbar mota, da aka iso nan, lokacin ana ce wa garin Forlami, direban ya ce su sauka su koma wata motar, ai duk ɗaya ne. Suka kwana a tasha, gari ya waye babu ta farkon babu ta biyun. Guzuri ya ƙare, Kaka Malam ya kama ɗinkin hula, aka ce sai baɗi, har ƙasa ta rufe musu ido ba su ga gabas ba kuma ba su koma gida ba. Tun ina yarinya, in za mu Marwa ko Maiduguri, Inna takan zagaya mota ta dubi lambarta ta dubi direba, kuma in aka ce a sauka a sake wata, to ranar kowa zai san ta iya Larabcin faɗa. Mu ne muka manta da wannan, muka bar ta ta je ta tarar da baƙon jirgi babu shiri.

Kwanakin da suka biyo baya gidanmu ya zama makaranta, kowa malami. Baban Nuriyya ya sa tabarau ya gano wani ɗan layi a ƙasan tikitin, da ƙananan baƙaƙe kamar ƙwan kwarkwata, inda aka rubuta cewa wani kamfani ne zai yi jigilar zangon farko a madadin babban. Ya kai wa Inna har ɗaki yana nuna mata da yatsa, ta ce in da gaskiya a ciki me ya sa suka rubuta shi yadda sai da tabarau. Goggo Indo ta zo ta ce ai ita da ta je Umara jirgi uku ta shiga ba ta tambayi sunan ko ɗaya ba, Inna ta ce shi ya sa akwatinta ya riga ta zuwa wata ƙasa. Limamin unguwa ma ya leƙo ya yi nasiha a kan tawakkali, ta saurara da ladabi, ta sa aka kawo masa shayi, yana fita ta ce shi ma ai bai taɓa hawa ba. Ni kuwa kin san ni da gajen haƙuri. Da kika kira kina kuka, na ajiye waya na shiga na ce mata ta zaɓi taurin kai a kan 'yarta. Ranar ko tuwon dare ba ta taɓa ba, ni ma haka na kwana.

Ana cikin haka baban Nuriyya ya dawo da wani labarin. Wai in mutum bai hau jirgin farko ba, sauran tafiyar duk ta rushe, har da ta dawowa, sai an je an sake ɗaura ta. Ya fara zuwa wurin masu jan ɗankwali a filin jirgi, suka ce su ɗauka kawai suke yi, ya koma ofishin waɗanda suka sayar da tikitin. Ki riƙe wannan, don wata rana ke ma za ki biyo hanyar da jariri a baya: mai ɗaukar ki daban, mai amsa kukanki daban. Shekaranjiya da safe muna shirin tafiya ofishin, sai ga Inna ta fito ta sha lafayarta ta zuwa biki, har da kwalli. Na ce ina zuwa, ta ce za ta je ta ga idon wanda ya sayar da ita. Na ce a raina yau za a kira mana 'yan sanda. Amma wa ya isa ya hana? Muka tari tasi muka tafi, ina ta addu'a a zuci Allah Ya sa mu tarar da layi ta gaji.

Ba mu tarar da layi ba, muka tarar da wata mata mai suna Madam Hauwa, za ta yi sa'ata, mai fara'a da wushirya. Hausarta ta kasuwa ce, tana yi tana cikawa da Larabci. Baban Nuriyya ya buɗe baki zai yi bayani, Inna ta ɗaga masa hannu, ta ja kujera ta zauna ta zayyana wa matar komai, tun daga hoton waya har motar Forlami. Na zaci za ta yi dariya ko ta nuna mata ɗan layin nan da kowa ya nuna mata. Sai ta ture na'urarta gefe ta ce a Hajiya ta yi tambayarta ɗaya bayan ɗaya. Inna ta ce jirgin na waye. Ta ce na wani ƙaramin kamfani ne, su suka ɗauke shi aiki, domin mutanen da ke zuwa Duwala daga nan ba za su cika ƙaton jirgi ba, kuma ba a ba shi fasinjansu sai an bincike shi, matuƙansa ma da takardunsu kamar na kowa. Inna ta ce to don me za a ƙwace mata jaka. Ta ce ma'ajiyar saman kujera ƙarama ce, shi ya sa ake karɓar manyan jakunkuna a gindin tsani, in an sauka kuma a gindin tsanin ake mayar wa mutum, kada ta wuce ta bar ta, kuma ta cire magani da fasfo da carbi ta riƙe a hannu. Ta ƙara da cewa jirgin yana da ƙara, kuma ruwa da biskit kawai za a ba ta, ta ci abincinta ta ƙoshi tun daga gida. Akwati kuwa ba ruwanta da shi a Duwala, sai Abijan za ta gan shi.

Inna ta juya zoben hannunta, sannan ta yi tambayar da ashe ita ce a ranta tun farko. Ta ce in ɗan jirgin ya makara, ko ya sauke ta a Duwala babban ya riga ya tashi, wa zai san da ita. Madam Hauwa ta ce su ne, tun da tikiti ɗaya ne tun daga nan har Abijan, nauyinta yana wuyansu, su za su ba ta masauki da abinci su sa ta a jirgi na gaba. Inna ta ce wannan magana ce mai daɗi, direban Forlami ma ya iya magana. Ta ce ita a saninta, direban kirki in dole ta sa zai juye fasinja, ba ya nuna mota da baki daga nesa. Yakan kama hannun mutum ya kai shi gaban ɗaya direban, ya ce ga wance, amanata ce, ka kai ta wuri kaza, kowa yana ji yana gani. Ranar nan kuwa babu wanda ya kama hannunta, bas kawai ya zubar da su. Madam Hauwa ta dubi na'urarta ta ce akwai wuri ranar Alhamis, kuma ranar tana aiki a filin jirgi. Ta ce in hannu ne matsalar, ita za ta kama. Inna ba ta ce ta yarda ba, ta dai tambaye ta 'yar gidan waye ita a garin nan, suka yi ta lissafin dangi har baban Nuriyya ya fara gyangyaɗi.

Yau da la'asar ina tsakar gida ina sake ɗaure kanwar da ta zube a akwati, Inna ta zo ta zauna kusa da ni a tabarma. Ta dube ni ta ce in daina ganin kamar ba ta damu da ke ba. Ta ce akwai abin da ba ta taɓa gaya mana ba: lokacin da aka zubar da su Kaka a tasha, Kaka tana da tsohon cikinta ne, cikin ita Inna. A wata rumfa a bayan tashar aka haife ta, babu uwa babu dangi, babu wanda ya dafa wa Kaka ruwan wanka, sai wata Balarabiya mai sayar da shayi ce ta yanke cibiya. Ta ce Kaka har ta rasu in ta tuna ranar sai ta yi hawaye. Ta ce da ta ga ɗan farin jirgin nan ba mutuwa ta ji tsoro ba, tsoronta kada a yar da ita a Duwala, ke kina can kina naƙuda ke kaɗai, ita tana tsakiyar hanya ba ta gaba ba ta baya. Lubna, kukan da na yi ya fi na ranar rakiya. Ta ce in tashi in nemo mata ƙaramar jaka da za ta zuba maganinta. Ban kira ki na ce gobe za ta taso ba, kuma na hana baban Nuriyya gaya wa maigidanki, don ba zan sake tura ki filin jirgi a banza ba. Zan ajiye alƙalami a nan sai na ga abin da gobe za ta yi.

Ranar Alhamis.

Alhamdu lillahi. Share hawayenki ki karanta da kyau.

Da safe Inna ta ci ɗumamen tuwo ta ƙoshi kamar mai shirin noma, ta sha shayi, muka tafi. Muna isa muka tarar da Madam Hauwa a bakin ƙofa cikin shuɗin kayanta, ta rusuna ta gaishe ta, ta karɓi jakar, ta kama hannunta na dama. Haka suka shige, Sani, da shi ma aka sake ɗaura masa tafiyarsa, yana biye da su kamar ɗan rakiyar amarya. Mu muka koma wajen mai shayinmu, wanda yana ganinmu ya tambaya ko yau ma Hajiya za ta dawo. Ban iya shan komai ba, idona yana kan ƙofa, duk tsohuwar da ta fito sai na miƙe in duba. Can sai muka ji ƙara, ɗan farin jirgin ya taso ya wuce ta saman kanmu ya yi kudu. Na ƙi motsawa duk da haka, sai da na ga ƙofa ta daɗe babu mai lafaya sannan na yarda.

Da suka sauka Sani ya kira ya ba ni labari. Ya ce Madam Hauwa ta shiga bas ɗin tare da su, ta kai Inna har gindin tsani, ta kira ma'aikaciyar jirgin, wata doguwar yarinya mai jan ɗankwali, ta ɗora hannun Inna a kan nata. Ta ce mata da Larabci, da ƙarfi yadda kowa zai ji, wannan uwata ce, amana ce, Abijan za ta wurin 'yarta mai haihuwa. Yarinyar ta ce ta karɓa. Inna da kanta ta miƙa wa mutumin nan jakarta, ta tsaya ta ga ya ɗaura takardar, ta ce masa ta gane fuskarsa. Da farfela ta fara juyawa ta damƙe hannun Sani har ya ce sai an duba masa yatsu, amma da aka daidaita a sama ta leƙa ta ga kogin Shari da na Lagon sun haɗu kamar zare biyu, sai ta shiga neman rufin gidanmu. Ya ce biskit ɗin ma ta karɓa ta ƙulle a bakin lafaya ta ce na maijego ne.

A Duwala ta karɓi jakarta a gindin tsani, ta buɗe ta duba komai yana nan. To a nan ne Sani ya ce ya ga ikon Allah. Suna shiga ginin sai ga ƙaton jirgi mai shuɗiyar wutsiya ta gilashi, shi da kansa, na cikin hoto. Sani ya nuna mata da murna ya ce ga jirginta nan. Inna ta dube shi sama da ƙasa ta ce ita ba ta san shi ba, a hannun yarinya mai jan ɗankwali aka ba da ita, kuma ba ta zuwa ko'ina sai yarinyar ta zo. Allah Ya yi wa yarinyar nan albarka, ashe tana biye da su. Ta kama hannunta ta kai ta wurin wata mai shuɗin kaya a ƙofar shiga, ta maimaita abin da aka gaya mata ba ta rage ko kalma ba. Sai da aka yi haka Inna ta sallami Sani ta ce ya tafi ya sayi kayan baburinsa. Kafin ya tafi ta karɓi wayarsa ta ce mini in gaya miki ki sa a nemo babbar tukunya da itace, ita ba ta yarda da ruwan da ake dafawa da lantarki ba, kuma ki daure ki jira ta, ta kusa. Sani bai bar wurin ba sai da ya ga babban jirgin ya tashi da ita a ciki.

Yanzu zan ɗauki hoton takardun nan in turo miki ta waya. Ki ce wa Malam Waliyyullahi ya tafi filin jirgi da yamma, ke ki zauna a gida ki huta, kin yi naki zuwan. Ki gaya masa kada ya tsaya daga nesa yana ɗaga hannu, ya matsa kusa a ba shi ita. Kuma don Allah kada wanda ya tayar mata da zancen makon jiya, in tana so ita za ta ba ku labarin, kuma za ku ji yadda ita ce ta yi gaskiya.

Baban Nuriyya yana gaishe ku da kyau. Goggo Indo tana gaishe ki, ta ce a shafa mata kan jariri in ya iso. Nuriyya ta ce in mace ce a sa mata sunanta, na ce ta bari a haihu tukuna. Sani ma ya ce in gaishe ki, wai ki san shi da yatsunsa suna binku addu'a. Ki gaishe mini da maigidanki da surukarki Hajiya Mairama in kun yi waya, da maƙwabciyarki A'isha Humaira da kika ce tana taya ki aiki, Allah Ya saka mata da alheri.

Na dawo gida na tarar da ɗakin Inna a rufe, tabarmarta a naɗe, babu mai tambayata da wa nake gulma, sai na ji gidan ya yi mini faɗi. Tun da aka haife ni ban taɓa kwana a garin nan ba ta cikinsa ba. Maganin hawan jininta da safe take sha, bayan ta ci abinci, kuma sai an tsaya a kanta don takan ɓoye shi a ƙarƙashin filo. Ba ta son sanyin na'ura, ƙafarta ta hagu tana ciwo in ta daɗe a tsaye, kuma ba za ta taɓa faɗa miki ba. Ni ba zan iya zuwa in kama hannunta in sa a naki ba, don haka ga shi na rubuta: Lubna, ga uwata nan, amana ce. In kun yi arba'in lafiya, ki dawo mini da ita.

Taki har kullum,
Yayarki Zaliha.